Ruwan da Sarki Ya Manta Bai Hana Ba

An ce wani sarki aka yi a zamanin da, wanda farauta ba ta dame shi ba, hira ba ta ɗauke masa hankali, shi dai a ba shi fatsa da bakin ruwa. In ya jefa ƙugiya ya zauna, ko gobara ake yi a fada sai an jira kifi ya ja.

A can arewacin ƙasarsa, tafiyar kwana tara daga birni, akwai wani ɗan tafki mai suna Gazari, wanda mutum zai kewaye da ƙafa tsakanin hantsi da azahar. A bakinsa akwai tungar masunta, gida arba'in. Wata shekara aka kawo wa sarki bandar tarwaɗa daga can, tsawonta ya kai daga ƙugun mutum zuwa ƙasa. Sarki ya ci, sa'an nan ya ce, "In kifi ya kai haka alhali kullum ana kamunsa, ina zai kai in aka bar shi ya huta?" Fadawa suka ce irin wannan tunani sai sarki. Aka yi shela cewa shekara bakwai ba mai jefa koma ko ƙugiya a Gazari, ba ma mai tsoma ƙafa a ruwan. Aka tura dogarai suka kafa bukkoki a gaɓa.

Da shekara bakwai ta cika, cikin bazara, sarki ya tashi da wazirinsa da jama'arsa. Ya sa aka ƙera masa ƙugiyoyi manya, aka murɗa masa igiya mai kauri, har da raƙuma biyu na ɗaukar kifi. Abin tausayi, raƙuman nan wahalar banza suka sha.

Tun da sassafe sarki ya zauna a bakin Gazari. Rabin ruwan kainuwa ta rufe shi. Ya jefa babbar ƙugiya, shiru. Ya sauya ƙarama, nan take aka ja. Ya ɗago, sai ga karfasa ba ta fi yatsa uku ba, kai ƙato, jiki a rame. Ya sake jefawa, irinta. Kafin hantsi har ya kama guda talatin, duk a tara su ba za su cika akushi ɗaya ba.

Waziri ya ga fuskar sarki ta sauya, sai ya matso ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai abin a fili yake. Mutanen tungar nan sun kwashe manyan a ɓoye, suka bar maka 'ya'yan."

Sarki ya ce, "In haka ne, gobe kada rana ta faɗi da sauran gida ɗaya a bakin ruwan nan. A kira mini babbansu."

Aka zo da wani tsoho mai suna Makau, shi ne Sarkin Ruwan tungar, ƙafafunsa duk faso, rigarsa ɗaya. Ya durƙusa ya yi gaisuwa ba tare da rawar jiki ba.

Sarki ya ce, "Kai tsoho, kifi nawa ne a tafkina?"

Makau ya ce, "Ya sarki, sun fi na da yawa, sun kuma kasa na da auki."

Sarki ya ce, "Wa ya kwashe manyan?"

Makau ya ce, "Ba wanda ya kwashe su. Da an kwashe su, da suna nan."

Waziri ya ce wannan ai raini ne. Sarki ya ɗaga masa hannu, don shi mutum ne mai son ya ji ƙarshen zance, wannan kam ba a raba shi da ita. Ya ce, "Warware mini."

Makau ya ɗauki karfasa ɗaya daga cikin waɗanda sarki ya kama, ya ce, "Ya sarki, a ganinka kwanan wannan nawa a duniya?"

Sarki ya ce, "Ba ta wuce wata uku ba."

Tsoho ya sa babban yatsa ya buɗe bakinta a hankali. Sai ga ƙwai cike da bakin, don karfasa a baki take rainon ƙwanta. Ya ce, "Wannan uwa ce, ƙila ma kaka. Ba ƙuruciya ce ta hana ta girma ba, yunwa ce. Ka ba ni zuwa la'asar, ka kuma biyo ni da fatsarka. In ban nuna maka gaskiya ba, da hannuna zan fara rushe ɗakina."

Sarki ya tashi ya bi shi, waziri na biye yana tsaki a ciki. Suka ratsa ta cikin tunga. Sarki ya ga kangaye sun fi gidaje yawa, ya ga murahun banda sun zube, ciyawa ta tsiro a cikinsu. Ya tambaya, Makau ya ce, "Gida arba'in muke da aka yi shela. Yau mu goma sha ɗaya ne. Ɗana na fari yana cikin waɗanda suka tafi, ban sake jin labarinsa ba." Ya faɗi haka yana tafiya, bai ko waiwaya ba. Maganar ta soki sarki.

Daga nan Makau ya nuna masa wani kwari busasshe cike da yashi, ya ce, "Wannan hanyar ruwa ce. In damina ta yi ƙarfi, ta nan ruwan kogi ke shigowa Gazari da manyan kifaye, su ne masu rage ƙananan. Kowace bazara muke fitowa da fartanya mu yashe ta, mu kwashe kainuwa, sa'an nan mu yi kamun kifi na gayya kafin ruwa ya ja baya, don abin da ya saura ya sami wurin numfashi. Da aka hana mu taɓa ruwa, yashi ya toshe hanya. A shekara ta uku ruwa ya ja baya, kifi ya yi wa tafki yawa, manyan ne suka fara tasowa ciki sama. Muna tsaye a gaɓa da yunwarmu, tsuntsaye suna ci. Sau uku muna aikawa fada, ba amsa."

Sarki ya dubi waziri. Waziri ya sami wani abin kallo a kan takalminsa.

A bayan tunga akwai wani kududdufi, ko sulusin Gazari bai kai ba, amma ruwansa a buɗe yake, da 'yar hanyarsa a yashe tsaf. Makau ya ce sarki ya jefa babbar ƙugiyar. Sarki ya jefa, ba don ya yarda ba. Bai daɗe da zama ba igiya ta miƙe, har ta nemi ƙwacewa daga hannunsa. Ya tashi tsaye, ya ja, aka ja shi, rawaninsa ya karkace, ya shiga ruwa har gwiwa bai sani ba. Da ƙyar ya fito da ita: tarwaɗa ce baƙa, mai faɗin kai, irin wadda ya shekara bakwai yana mafarki. Sarki ya rungume ta a ƙirji yana dariya kamar ba shi ne ya yi fushi ɗazu ba.

Ya ce, "Wannan wane ruwa ne?"

Makau ya ce, "Ya sarki, shi ne ruwan da ka manta ba ka hana ba. Shi muke ci shekara bakwai, kullum muna kamu a cikinsa."

Sarki ya ce a kawo kwando. Makau bai motsa ba. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, akwai sauran magana. Mun kiyaye dokarka a ruwanka shekara bakwai, ko da ta cinye mu. Wannan ruwan shi ma yana da tasa dokar tun kakanni: wanda bai sa fartanya a hanyar ruwa ba, ba ya fita da kifi. Ba mu ɗauke wa kowa ba, har ni."

Dogarai suka gyara tsayuwa, suna jiran umarni. Sarki ya daɗe yana duban kifin da ke motsi a hannunsa, ya dubi kangayen tunga, ya dubi tsohon da bai sunkuyar da kai ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, don ya gane cewa tun safe yake neman wanda ya ci haƙƙin ruwa, ga shi kuwa shi ne tsaye da kifin mutane a ƙirji. Ya durƙusa, ya zare ƙugiya da kansa, ya saki tarwaɗar. Ta kaɗa wutsiya sau ɗaya ta nutse.

Ya ce, "Baba, yaushe Gazari zai koma yadda yake?"

Makau ya ce, "In an yashe hanya bana, kifi zai dawo cikin damina huɗu ko biyar. Mutanen da suka tafi kuwa, wannan ban sani ba."

Sarki ya janye shelarsa da umarnin rushe tunga nan take, ya sa a bi ƙasa a nemo masuntan da suka watse. Sa'an nan ya tuɓe alkyabba, ya ce a ba shi fartanya, a ba waziri kwandon kwasar yashi. Kafin ya sara ƙasa ya juya ga jama'arsa ya ce, "Ku riƙe wannan daga gare ni. Adalci ba tsare ruwa daga mutane ba ne, tsare rabon kowa ne a cikin ruwan. Sarkin da ya hana talakawansa, kansa ya fara hanawa."