Manomin da Ya So Gina Rumbu a Yini Ɗaya

Akwai wani manomi, mutum mai ƙwazo ƙwarai, wanda rumbunsa ya tsage tun da rani. Matarsa ta nuna masa tsagar, ta ce, "Maigida, wannan rumbu ba zai ƙara riƙe mana hatsi ba." Ya ce, "Na gani. Bari in gama sharar gona tukuna."

Da ya gama shara, ruwa ya sauka, ya yi shuka. Bayan shuka sai noma, bayan noma sai maimai. Ba mai ce masa rago, gama kullum rana a gona take faɗuwa a kansa. Rumbun ne dai bai taɓa zama aikin yau ba. Ana tsakiyar damina, ya zube.

Ubangiji kuwa ya sa wa gonar albarka a shekarar nan. Dawa ta yi kai har tana sunkuyawa. Da ruwa ya ɗauke, manomin ya dubi gona, ya dubi kangon rumbu, ya ga abincin iyalinsa na shekara ba shi da wurin kwana. In aka tara shi a ƙasa, gara da ɓeraye da awaki za su raba shi da shi.

Sai ya ce a ransa, "Na san abin da zan yi. Gayya zan kira. Abin da mutum ɗaya zai yi makonni yana yi, jama'a za su gama kafin la'asar. Babba ma zan gina, wanda ya fi na da."

To, rumbun laka ba haka ake gina shi ba. Akan yi ɗori ɗaya, a zagaye, a bar shi ya sha rana, sa'an nan a ɗora wani. Duk ƙauyen ba wanda bai san wannan ba. Amma ran gayya an dama kunu, ana kaɗa ganga, masu kwaɓa suna kwaɓawa, masu miƙo suna miƙowa. Masu ɗori suka ji bango yana lotsawa a ƙarƙashin hannunsu, kowa ya dubi ɗan'uwansa, kowa ya yi shiru. Wa zai ɓata wa maigida rana?

Da la'asar, an kusa kaiwa wuya, sai cikin rumbun ya buɗe, ya zauna a ƙasa gaba ɗaya. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo.

Taubashinsa ya share laka daga gemu, ya ce, "Kai, taubashi, da ka gaya mana tuwon laka za a tuƙa, ai da mun zo da miya!" Jama'a suka fashe da dariya.

Manomin bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce, "Kun ji yana lotsawa?"

Suka ce, "Mun ji."

"Me ya hana ku faɗa?"

Taubashin ya ce, "Ganga."

Manomin ya sa mai ganga ya ajiye gangarsa. Ya ce, "'Yan'uwa, babban rumbu ya wuce ni bana, kada in ruɗi kaina. Ƙarami zan gina, ni da hannuna, ɗori ɗaya kowace safiya. Ku kuma, in kuna ƙaunata, ku yanko mini ciyawa, ku ɗaure jinka, ku kama mini yankan dawa. Waɗannan ba sa jiran rana."

Haka kuwa aka yi. Kowace safiya yakan dafa bango, in ya ji ya yi ƙarfi ya ɗora, ya wanke hannu, ya tafi gona. Dammunan dawa suka taru a tsakar gida, awaki suna zagaye su. Matarsa ta ce, "Maigida, ƙara ko ɗori ɗaya ne yau, gara ta fara shiga na ƙasa." Ya taɓa lakar, ya ce, "Uwar yara, in na ƙara, duka za mu rasa. Gobe."

Ran da ya ɗora na ƙarshe, jinka tana ajiye a gefe, an gama ta tuni. Gara ta ci abin da ta ci, abin da rumbun bai ɗauka ba ƙanen manomin ya ajiye masa a nasa rumbun. Amma iyalinsa suka ci tuwo har wata damina.

Ga ma'anar misalin nan, ƙaunatattu. Rumbun shi ne aikin da aka danƙa a hannunka, a ofis, ko asibiti, ko makaranta, ko nan cikin ikilisiya. Kaka ita ce ranar da za a ce, "Kawo." Ba ta matsawa don kana fama da wasu ayyuka masu kyau.

A cikin kowane aiki akwai sashen da sai ya sha rana: amincewar shugabanni, kayan da za a yi oda daga nesa, horar da sabon ma'aikaci, gwaji kafin a miƙa. Ko ka tara ma'aikata ɗari ba za su gajarta shi ba. Shi za ka nemo tun farko, ka fara da shi, sauran hannuwa kuma ka ba su abin da ba ya jiran rana.

In kai ne shugaban aiki, yawan taro da kirarin "muna kan hanya" su ne gangarka. Tsayar da ita, ka tambayi mutanenka abin da hannunsu yake ji. In kai ne mai ɗori, faɗi gaskiya tun bango yana gwiwa. Shirun da kake kira ladabi ba aminci ba ne a gaban Allah.

In kuwa ka riga ka makara, kada ka zauna makoki, kada kuma ka yi alkawarin abin da ba zai tsaya ba. Je ka wurin mai aikin, ka ce, "Ranka ya daɗe, duka ba zai yiwu ba, amma ga abin da zan kawo, kuma zai tsaya." Wannan magana tana da nauyi a baki. Gobe Litinin ce. A cikinmu akwai wanda ya kamata ya faɗe ta kafin ya zauna a kujerarsa.