Geron Cindo a Bakin Makabarta

An yi wani mutum can da, a wani ƙauyen manoma, wani bawan Allah ana ce masa Cindo. Gonarsa ɗaya ce, tana jikin makabarta. Zamanin kakansa gona ce mai faɗi, amma rabon gado ya yi ta yankarta har ta zama 'yar siririya. Da ita yake ciyar da gidansa, bakunan kuwa ba kaɗan ba ne.

To ku saurara. Garin nan haihuwa ake yi, baƙi na sauka, kowa na ƙara ɗaki, a ci hanya, a ci burtali. Kowa ya yi wa mai zuwa wuri, ba wanda ya tuna da mai tafiya.

Ran nan da damina, gero ya fara fid da kai, wata tsohuwa cikin baƙi ta rasu. Aka sallace ta, aka kai ta. Masu haƙa suka sara nan, ƙashi. Suka matsa can, ƙashi. Makabarta ta cika. Ga gawa a makara, ga hadari na haɗowa, ɗanta ya tsuguna ya rufe fuska.

Mai gari ya dubi masu manyan gonaki na kewaye. Na san irinsu, na ci kasuwa da su. Wannan ya ce tasa ta marayu ce, wancan ya ce sai ya shawarci yayansa da ke birni.

Cindo ya dubi geronsa, ya tuna rumbunsa ya kusa ƙarewa. Sai ya karɓi fartanya ya shiga sarewa da hannunsa. Ya ce, "Ku haƙa nan. Wanda ya biyo bayanta ma a kawo shi."

Da ya koma gida, matarsa Hansai ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ka sauki matattu. Rayayyun fa, me za su ci?" Ya ce bai sani ba. Kuma wallahi bai sani ba.

Amma kunya ta riga ta kama garin. Bayan sadakar uku mai gari ya tara dattawa, suka zaga da ƙafa, suka ware filin makabarta, da na rijiya, da hanyar dabbobi. Aka yankar wa Cindo saura, gonar da ta daɗe ba a noma ba, a bakin fadama. Lokacin gero ya wuce, sai samari suka yi gayya suka shuka masa wake. Da kaka kuma dami ya riƙa shigowa gidan Cindo, har daga gidan mai yaya a birni. Hansai ta leƙa rumbu, ta sauke ajiyar zuciya, ta ce Alhamdulillahi, amma kada ya saba.

Jama'a, wanda ya bayar don Allah alhali yana bukata, Allah ba ya barinsa. Amma kada mu jira sai gawa na makara mu nemi wani Cindo. Unguwarmu kullum ƙaruwa take. Kai mai shirin cin hanya da katanga bana, ka bar wuri. Da ƙafa ko a kafaɗa, ta nan za ka wuce.