Layin Shuni a Katangar Malam

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ɓoye waliyyanSa a cikin bayinSa. Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, malami ne masani, mai tsantseni da zuhudu, wanda ya karantar da fiƙihu da tafsiri a zaurensa na Birnin Damagaram har gemunsa ya yi fari fat, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa ganinsa a ƙofar mai mulki ba. Karamominsa suna da yawa, amma wadda har yau take tayar mini da tsikar jiki ita ce ta Mai Nasara mai fenti.

A zamanin Mai Nasara, da wuya kamyo, wato babbar motar kaya, ya tashi daga Zinder zuwa Kano babu zanensa a jiki, kuma shi attajiran Birni suke kira ya ƙawata musu fuskar gida. Abin tinƙahonsa layi ne: yakan ja shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba zare ba katako, ya fito sambal, sannan ya waiwayo ya dubi 'yan kallo, don shi ma ya san ya iya. To, a shekarar da fari ya tsananta, gero ya ƙone a gonakin ƙauyen Guna, mata suna wuni a bakin rijiya, sai ciwon rawar jiki ya kama shi. Hannun dama ya fara, na hagu ya bi, har kofin shayi sai matarsa Falmata ta riƙe masa. An je likita, an sha sassaƙe, shiru. Ranar da wani direba ya dubi aikinsa ya ce, "Maigida, kaza ce ta bi ta nan?" sai ya koma gida ya naɗe buroshinsa a tsumma, ya ƙudurta bin masu gudun yunwa zuwa Kano, ya yi bara inda ba a san shi ba.

Falmata ce ta matsa masa ya yi wa Malam sallama tukuna. Ya durƙusa a zaure, ya miƙa hannayen suna karkarwa, ya ce, "Allah gafarta Malam, a roƙa mini su tsaya."

Shehi ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗauki sandarsa ya fita, ya nuna katangar zauren da ke fuskantar busasshen tafki, daidai gwiwa. Ya ce, "Ja mini layi a nan, da shuni. Inda hannun ya tafi, ka bi shi." Da aka rasa ruwan kwaɓi, sai ya sa aka kawo ƙwaryar da aka ajiye masa ta buɗa-baki, alhali yana azumi. Maƙwabta suka riƙe baki: ruwan sha a katanga, a wannan shekara!

Mai Nasara ya ja, yana ja yana hawaye, domin layin hawa yake yi yana sauka kamar sawun maciji, masu wucewa kuwa suna ƙunshe dariya. Da ya kusa kusurwa, Malam ya shiga sallar azahar, sai tsohon halin Mai Nasara ya motsa. Ya lallaɓa ya kara katako, ya ja kamu ɗaya na ƙarshe sambal, don kada a ce Mai Nasara ya mutu gaba ɗaya.

Ba a jima ba hadari ya haɗo daga gabas da rana tsaka, aka tsuge da ruwan da tsofaffi suka ce sun manta irinsa. Ya gangaro daga duwatsun Birni, tafki ya cika ya tumbatsa, ya nufo gidaje, mutane suka haye duwatsu suna salati, murna ta koma tsoro. Mai Nasara yana cikinsu, idonsa a kan katangar ƙasar nan da ya tabbata za ta narke. Ruwa ya iso, ya hau, ya taɓa shunin, ya tsaya cak. Inda layi ya hau, ruwa ya hau. Inda ya sauka, ruwa ya sauka. Bai ƙetare shi ko da faɗin farce ba. Wani dattijo ya yi ta maimaita "La'ilaha illallahu" har muryarsa ta dushe.

Sai aka ji rugum! Kamu ɗayan nan miƙaƙƙe ya rufta, ruwa ya kutsa zaure har ya jiƙa buzun Malam.

Mai Nasara bai san lokacin da ya sauko ba. Ya zube cikin laka, ya ce, "Malam, ni ne. Ni na gyara."

Shehi ya ɗaga buzunsa yana ɗiga, ya ce, "Na sani. Wanda Ya ba ka miƙaƙƙen, Shi Ya ba ka karkataccen. Idan an yaɓe, ka zo da shuninka."

Hannayen ba su tsaya ba har ya koma ga Allah, Kano kuwa bai je ba. Ya jefar da katako, ya ci gaba da zane da rawar hannunsa, har masu gidaje suka riƙa cewa irin na katangar Malam suke so. Wurin da ya rufta shi ya fara ja, a karkace.

Tsarki ya tabbata ga Mai karrama wanda Ya so. Ya Allah, Ka haskaka makwancin Shehinmu, Ka yayyafa mana albarkarsa, Ka raba mu da kara katako a kan abin da Ka hukunta. Amin.