Falken da Ya Sha Nono Cikin Azumi

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba, kuma a ɓoye nake yi, don yayyena dariya za su yi mini. Kakata ce ta ba ni labarin, ta ce daga wani tsohon littafi babanta ya karanta musu.

An ce wai a ƙasar Habasha an yi wani sarki mai tsoron Allah, yana da waziri wanda bai taɓa karya dokar ikilisiya ba. Ana nan sai aka kawo ƙarar wani falke, Barnaba, wai ya sha nonon raƙumi cikin babban azumi, lokacin da ayarinsa ya ɓata a hamada.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a hana shi shiga majami'a, a kore shi daga gari. Wanda ya sayar da azuminsa a kan ƙoƙon nono, da me zai tsaya gaban Ubangiji?"

Sarki ya ce, "Kai falke, ka ji tambaya. Da me?"

Barnaba ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na sha, har na ƙara. Amma a bar ni in faɗi abin da na gani a garinmu. Mutum biyu suna haƙa rijiya a wuri mai yashi, sai bango ya fara zuba. Na sama suka sako igiya da guga, suna ihu. Babban cikin masu haƙan ya ce, 'Ni da na sassaƙa matakan nan da hannuna za a ja kamar ruwa?' Ya kama hawa. Duk inda ya taka sai ya rufta, har yashi ya binne shi. Ɗayan ya shige cikin guga, ya rufe ido, yana kuka yana cewa, 'Ku ja ni!' Aka jawo shi."

Sarki ya dubi waziri, ya ce, "Wanda ya fito, da me zai yi taƙama?"

Waziri ya ce, "Ba shi da komai, ranka ya daɗe, sai hannun da ya ja shi."

Barnaba ya ce, "Ni ma haka zan tsaya. Azumi abu ne mai kyau, zan kuma yi. Amma alherin Almasihu ne igiyata."

An ce waziri da kansa ya sauko, ya kama hannun falke ya tashe shi, ya ce, "Ɗan'uwa, matsa mini wuri a gugan nan." Sarki ya sa wa Barnaba alkyabba, ya sallame shi cikin girma.

Kaka ta ce kowa a cikin rijiyar yake, har mai wa'azi. Ni dai duk ranar da na kasa yin addu'a na ji kamar Allah ya gaji da ni, sai in tuna da mai kukan nan, in ce... wayyo, ga Mama tana kirana, na bar wake a kan wuta, bari in