Tarin da ya zama abin dariya a rediyo

Akwai wata mata mai ɗinki da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Biyu sun kama gabansu, saura ƙaramar, wadda kowa ke kira Auta.

Auta mawaƙiya ce, da jita take waƙarta. Uwar ba ta taɓa son abin ba. Kullum gabanta faɗuwa yake: da wa yarinyar take haɗuwa a situdiyo, wa zai dawo da ita, me mutane za su ce. Amma marigayi ne ya saya mata jitar da hannunsa, shi ya sa uwar ta haɗiye maganarta.

Auta ta daɗe tana wahalar haɗa albam ɗinta na farko. A farkon waƙa ta ɗaya ta sa saƙon murya na ƙarshe da babanta ya turo mata daga gadon asibiti. Da tari yake farawa, tari mai tsawo. Sai ya yi 'yar dariya, ya rera mata waƙar da yake lallashinta da ita tun tana goye. Daga nan muryarta take karɓa.

To, a gidan rediyon garin akwai wani mai shiri da ake yi wa laƙabi da Alƙali. Duk mako sai ya kwaso sabbin albam, na gambarar zamani, na soyayya, na kiɗan gargajiya, har na ƙasashen da ba ya jin yarensu, ya yanke musu hukunci. Babban abin taƙamarsa shi ne ba ya jin waƙa har ƙarshe. Yakan ɗanɗana farkonta ne kawai ya tsallake. Da bakinsa yake cewa, "Ni kunnena ba ya jira."

Ranar da ya zo kan albam ɗin Auta, rediyo na kunne a shagon ɗinki. Uwar na kan keken ɗinki, Auta na zaune a benci tana murza yatsu, ga mata biyu sun zo gwajin kaya.

Alƙali ya saki waƙar. Tari ya fito. Nan take ya tsayar da ita.

"Jama'a, wannan albam ne ko layin ganin likita? Yarinya, ki saya wa tsohon nan maganin tari, ki bar wa masu waƙa waƙarsu. Mu je na gaba!"

Bai ma je na gaban ba sai da ya maimaita tarin, ya sake maimaitawa, yana ƙyaƙyata dariya. Matan da ke shagon suka fashe da dariya su ma, sai da suka ga fuskar Auta suka daina.

Kafin mako ya zagayo, an yanko tarin an ɗora a bidiyon barkwanci. Samari in za su wuce ƙofar shagon sai su kama tarin ƙarya. Muryar mutumin da ya mutu yana kiran sunan 'yarsa, ita ce ta zama abin wasa a wayoyi.

Auta ta ɗora jitar a saman kwabet ta rufe kanta a ɗaki. Abinci sai an yi da gaske take taɓawa. Magana ɗaya ta yi wa uwarta: "Umma, kin huta. Na daina."

Uwar nan da ta yi shekaru tana fatan jin wannan kalma, da ta ji ta sai hankalinta ya tashi. Takan kasa kunne a ƙofar ɗakin ko za ta ji motsi. Ta ɓata wuyan riga biyu a yini ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ranar da shirin zai sake fita, ta rufe shago ta yafa mayafi ta nufi gidan rediyon.

A baranda ta same shi, yana shan lemo yana danna waya.

"Kai ne Alƙali?"

"Ni ne, Mama. Gaisuwa za a miƙa?"

"Ni ce uwar yarinyar da ka ce ta sayi maganin tari."

Ya yi murmushi bai ko ɗago sosai ba. "Ayya Mama, aikina ke nan. Wanda ba ya son suka ai sai ya yi waƙarsa a banɗaki."

"Ka ji waƙar?"

"Na ji abin da ya ishe ni."

"Ya ishe ka! Kai ɗan nan, ka san tarin wa ka yi ta maimaitawa kana dariya? Ubanta ne. Mijina ne. Kwana kaɗan bayan wannan tarin muka rufe shi da ƙasa!"

Muryarta ta cika barandar. Ma'aikata suka fara leƙowa daga ofisoshi. Alƙali ya ɗan daburce, amma girman kai bai bar shi ba.

"To ni ina na sani? Da sai ta rubuta a jiki."

"Da ka bar waƙar ta yi gaba kaɗan, da shi da kansa ya faɗa maka!"

Shugabar gidan rediyon ta fito ta tambayi abin da ke faruwa. Uwar ta juya gare ta.

"Ranki ya daɗe, ni ban yi karatu mai zurfi ba, ban san kan waƙa ba. Ba yabo na zo roƙo ba. In waƙar banza ce ya ce banza ce. Amma ya ji ta tukuna! 'Yata na can ta daina ci ta daina magana saboda mutumin da ko sauraronta bai yi ba."

Shugabar ta dubi Alƙali. "Gaskiya ne ba ka ji ta ba?"

"Kin san yadda nake aiki. Albam nawa ake turo min a mako?"

"Na sani, kuma na daɗe ina kawar da kai. Yau da wannan waƙar za ka buɗe shiri. Daga farko har ƙarshe, bakinka a rufe."

Haka aka yi. Aka ba uwar kujera a bayan gilashin ɗakin watsa shiri tana kallonsa. Tari ya fito, ta runtse ido. Dariyar marigayi ta biyo baya, sai muryarsa a shaƙe yana cewa, "Autata, kina ji na?" Ya fara rerawa, numfashi ya gaza masa, muryar Auta ta ɗauka daga inda ya tsaya.

Alƙali ya sunkuyar da kai yana wasa da biro.

Waƙar na ƙarewa wayoyi suka ɗauki ƙara. Wata mata tana kuka ta ce ita ma ta tura bidiyon tarin, Allah ya yafe mata. Wani dattijo ya ce, "Kai Alƙali, ashe duk shekarun nan hukuncin da kake yanke mana na ganin ƙofa ne, ba ka taɓa shiga ɗaki ba?" Mawaƙan da ya taɓa yagawa suka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya. A ranar aka dakatar da shi daga shirin.

Uwar ta koma gida tana zaton an gama. Ina! Auta ta ji komai a wayarta, amma ba ta fito ba. "Yanzu kuma tausayina suke ji," ta ce ta bayan ƙofa. "Ba wanda ya ce komai a kan waƙar."

Bayan wasu kwanaki sai ga Alƙali a ƙofar shago, ba wannan ɗaga kafaɗar. Uwar na riƙe da almakashi, ba ta ajiye ba.

"Me kuma ka zo yi?"

"Haƙuri na zo bayarwa, Mama. Kuma na ji albam ɗin duka."

Labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Auta ta fito, ta rame, ido ya faɗa.

"To me ka ji?" ta ce.

"Waƙar farko ba ni da bakin magana a kanta. Ta biyu ma ta yi. Amma ta uku ganga ta danne miki murya. Ta biyar ta yi tsawo ba dalili. Ta ƙarshe kuwa ba muryarki ba ce, kwaikwayon wasu kike."

Uwar ta miƙe a fusace. "Kai, ashe ba ka da kunya? Fice min daga shago!"

"Umma, tsaya." Auta ta matso, idonta ya yi ja. "Ta biyar na yarda. Amma kwaikwayo? Ni? Wa na kwaikwaya?"

"Saurari yadda kike jan ƙarshen baiti."

"Da gangan na ja shi! Mai haɗa sauti ne ya lulluɓe shi da kiɗa. Tsaya nan, kada ka motsa!"

Ta shige ciki da sauri. Aka ji ƙarar jan kujera, aka ji wani abu ya faɗo daga saman kwabet. Ta dawo da jitar duk ƙura, tana ɗaure tsirkiya tana ci gaba da masifa.

Uwar ta tsaya tana kallonta. Rabon da ta ji yarinyar ta yi magana mai tsawon haka har ta manta. Ta ajiye almakashin, ta tura wa Alƙali kujerar roba da ƙafa.

"Zauna. Kuma wallahi ka sake ka buɗe baki kafin ta kai ƙarshe, ni da kai ne."

Darasi: Kada ka yanke wa aikin mutum hukunci alhali farkonsa kawai ka gani. Suka ta gaskiya tana tayar da mutum, amma izgili kashe zuciya yake, kuma ba ka san hawayen da ke bayan abin da kake yi wa dariya ba. Iyaye 'yan'uwana, mu ja kunnen yaranmu kan tura duk abin da ya faɗo wayarsu. Ku tura wannan ga wanda kuka san bakinsa ya fi kunnensa sauri.