Wanda Zai Kwanta Ƙarƙashin Inji

An ce wai Sallau bakanike ya ci amanar Malama Tabawa, har saura ƙiris ya aika ta lahira. Cikin kwana biyu maganar ta zaga Funtuwa, daga teburin mai shayi zuwa gidajen suna, kowa yana ƙara mata gishiri gwargwadon hannunsa. Ita kuwa wadda aka ce an cuta, tsohuwar shugabar makaranta ce da ta shekara talatin da biyar tana kama ƙarya a bakin yara da iyayensu, don haka ba ta saba sayen magana saboda yawan masu tallanta ba.

Ga asalin abin. Tana da tsohuwar Fijo fara, irin mai giya a jikin sitiyari, wadda ta saya da guminta shekarar da aka ba ta makaranta, kuma ita ke tuƙa abarta har yau. Da injin ya mutu murus, kayansa suka ɓace daga kasuwa, 'ya'yanta suka ce a sayar wa 'yan gwangwan. Ta ce sai dai su haɗa da ita a cinikin. Sai aka kawo mata shawarar abin da ake yayi: a bar jikin motar yadda yake, a dasa mata inji da giya na motar zamani. Amma sabon inji ba ya zama a gurbin tsoho haka kawai, sai da kujeru, wato wasu ƙarafa uku da ake ɗaurewa a jikin motar, biyu su ɗauki inji, ɗaya ya ɗauki akwatin giya. Waɗannan ta saya a wurin Alhaji Lawandi mai kayan gyara, cikin kwali mai sheƙi da rubutun ƙasar waje, kowanne an shafe shi da jan fenti. Sallau ne ya yi aikin.

Mako uku bayan haka, a hanyar Malumfashi, ta faɗa wani rami da rana tsaka, sai ta ji ƙas! Injin ya karkace ya doki lagireto, sitiyari ya ƙwace mata, motar ta gangara ta tsaya taku biyu daga bakin kwalbati. Kujerar hagu ce ta karye gida biyu.

Nan mutane suka yanke hukuncinsu. Kayan waje ai ba ya karyewa. Ashe Sallau ya sayar da na gaske, ya ƙera na jabu ya shafa musu ja. Aka kuma ga gwangwanin jan fenti a rumfarsa, sai aka ce to, me ya rage? Garejin Kuka, inda rumfar Sallau take, ya sa ranar Asabar don zaman shari'a. Dokarsu kuwa sananniya ce: bakaniken da aka kama da cin amana, a fitar da akwatin kayan aikinsa bakin ƙofa, a ba wani rumfarsa, a aika sunansa sauran garejoji kada kowa ya karɓe shi. Mutumin da ya haura sittin, in aka yi masa haka, an binne shi ne da ransa.

Wata maƙwabciya ta ce mata, "Malama, ai ruwa ba ya tsami banza."

Ta ce, "Haka ne. Amma ban taɓa jin an tambayi wanda ya jefa masa tsamiyar ba."

Ta yafa mayafi ta hau Keke Napep sai gareji. Ta tarar da Sallau zaune shi kaɗai, babu mota ko ɗaya a gabansa, maƙwabtan rumfarsa duk sun ba shi baya.

"Sallau, ɗago ka dube ni. Ka ƙera ƙarfe ka sa a motata, ko ba ka ƙera ba?"

"Na ƙera, Malama. Guda ɗaya."

"Wanne?"

"Na giya. Na cikin kwalin ramukansa sun ƙi hawa, na juya shi ta ko'ina ya ƙi. Sai na yanko ƙarfen gindin tirela na buga wani. Biyun inji kuwa na kwali ne, wallahi, yadda kika kawo su haka na ɗaura." Ya jawo kwalin daga ƙarƙashin benci, ga na ukun nan kwance, ko ƙwarzane babu.

"To fentin na mene ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Kin sayi na waje, Malama. In ce miki na sa miki na hannu? Sai na ji nauyi. Na shafa masa ja don ya saje da 'yan uwansa."

Ranta ya ɓaci har sai da ta buga sandarta a ƙasa. "Ji wani sakarci! Ka yi aiki da hannunka, ka ɓoye shi kamar kayan sata, yau ga shi an kira ka ɓarawo, ka rasa bakin musu. Shekara talatin kana gyara mini mota, wane kwali ne ya taɓa shiga ƙarƙashinta ya fito da baƙin mai a fuska? Wa ya koya muku cewa hannunku abin kunya ne?"

Daga nan ta wuce shagon Alhaji Lawandi, wanda ya taɓa zama ɗalibinta. Ya taso da fara'a, babbar riga tana jan ƙasa.

"Malama, sannu da arziki! Allah ya tsare gaba. Ai mu ne da laifi da muka bar ki a hannun waɗannan mutane. Kayana daga jirgi sai shago, ko ƙuda bai sauka a kansu ba."

"Jirgin wace ƙasa, Lawandi?"

"Ai... ƙasashen da yawa, Malama. Turai dai."

"Turai dai," ta maimaita. "Tun kana aji huɗu haka kake amsa tambayar taswira."

Ta fito da zargi a zuciya, amma ta san zargi ba shaida ba ne. Sallau ya ce karyayyen na kwali ne, Lawandi ya ce na Sallau ne, duka jajaye, kuma babu wanda ya ga lokacin da aka ɗaura.

Mai yanke hukuncin shi ne Sarkin Gareji, Malam Nomau, dattijo mai yatsu uku a hannun hagu, sauran biyun fankar inji ta cinye tun yana saurayi. Ba azzalumi ba ne, amma an sa shi a tsaka mai wuya. Rijiyar burtsatsen da garejin ke sha Alhaji Lawandi ne ya haƙa, kuma bakanikai sun riga sun haɗa baki. Malama Tabawa ta sami Sarkin ta faɗa masa duk abin da ta ji, sa'an nan ta ce:

"Sarki, ranka ya daɗe, ni ce na kusa mutuwa, ba su ba, kuma ban ɗora wa kowa alhakina ba tukuna. In za ku kori mutum da sunana, to ku kore shi da hujja. In kuwa ruwan burtsatse ne ya wanke muku idanu har ba ku gani, ku faɗa mini in kai maganar inda ake shan ruwan rijiya."

Sarkin ya dubi hannunsa mai yatsu uku. Ya ce, "Malama, kin yi mini zafi, amma ba ki yi ƙarya ba. Ki zo ranar Asabar."

Ranar Asabar da hantsi gareji ya cika, har da Alhaji Lawandi. Sarki ya sa aka kwanto kujerar giya daga motar, ya ɗaga ta.

"Sallau, wannan aikinka ne?"

"Nawa ne, Sarki."

"Alhaji, ka yarda nasa ne?"

"Ƙwarai kuwa! Ai ga sawun guduma nan, kowa ya gani."

Ya ɗauko ta cikin kwalin. "Wannan fa?"

Alhaji ya karɓa ya shafa ta kamar mai shafa kan ɗa. "Wannan tawa ce. Ku dubi sumul ɗinta, jama'a. Wannan giwa ma sai ta ɗauka."

"Madalla," in ji Sarki. "A kan karyayyen kun saɓa, a kan waɗannan biyu kun daidaita, to da su za mu yi shari'a. Mu a nan muna da al'ada tun iyayen gidanmu: wanda ya ɗaura inji, shi ke fara shiga ƙarƙashinsa. Ba ma tura wani. A ɗaure kujerun nan biyu a jikin ƙarfen da muke ɗaga inji, a rataya wa kowace inji da sarƙa, kowa ya kwanta ƙarƙashin tasa. Ni kuma zan buga wa kowace guduma uku, domin hanya ba shimfiɗar gado ba ce."

Aka fara da ta Sallau. Sallau ya matso. Ya cire hula, ya yi bismillah, ya miƙe a ƙasa, injin yana lilo a saman ƙirjinsa. Malama Tabawa ta tuna ita ta ingiza Sarki, ta riƙe sandarta da hannu biyu. Guduma ta sauka sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ƙarfen ya yi ƙara kamar ƙararrawa, bai ko lanƙwasa ba. Sallau ya taso yana kakkaɓe baya.

"Saura kai, Alhaji."

Alhaji Lawandi ya yi dariyar yaƙe. "Haba Sarki, da girmana? Ai rigar nan sabuwa ce."

Wani mai walda ya ce, "A kawo wa Alhaji tabarma!"

"Ba haka ba ne. Ni ai ɗan kasuwa ne, ba bakanike ba. Kuma likita ya hana ni kwanciya a rigingine."

"To kwanta ruf da ciki," in ji Malama Tabawa. "Giwa ma ka ce za ta ɗauka. Ko injin ya fi giwa ne?"

Gareji ya ɗauki dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta matso gaban Alhaji a fusace. "Ka ƙi ba ta ƙirjinka na minti ɗaya, a inuwa, mota a tsaye. Ni ka ba ta raina a kan titi, ina gudu. Kuma da ta karye ba ka tsaya nan ba, ka nemi a kashe wa bawan Allah sana'arsa don kwalinka ya tsira."

Sarki ya ce a rataya wa ta Alhaji injin haka nan, kowa ya ja baya. Guduma ta farko kawai ya sauke. Kujerar ta tsage, injin ya faɗo ya nutse a ƙasa daidai inda ƙirjin mutum zai kasance. Malama ta sunkuya ta ɗauki ɓarin, ta haɗa shi da wanda ya karye a hanyar Malumfashi. Cikinsu iri ɗaya ne, fari-fari, da 'yan ramuka kamar burodi.

Ta ce, "Ku maza ba za ku gane wannan ba. Duk macen da tukunyar sanholo ta taɓa fashe mata ta san wannan cikin."

Sarkin Gareji ya miƙe. "Sallau, rumfarka taka ce. Laifinka ɗaya, ka ji kunyar abin da ya kamata ka yi alfahari da shi. Daga yau duk ƙarfen da ka buga ka bar shi da launinsa. Alhaji, burtsatsenka sadaka ce, Allah ya ba ka ladarta, amma kayanka ba za su sake shigowa ƙofar nan ba, kuma duk motar da aka ɗaura wa jan ƙarfenka sai an nemo ta an kwance. Ku kuma da kuka ba ɗan uwanku baya saboda sheƙin kwali, ku riƙe wannan: kada mutum ya yaba wa wani ƙarfen da shi ba zai kwanta ƙarƙashinsa ba."

Sallau bai sayar da komai ba. Kujerun Alhaji Lawandi ba su taɓa hawa jirgi ba; a wani kango bayan shagonsa ake narka tsofaffin tukwane a zuba su, kwalin kaɗai ake bugowa daga nesa. Kuma a ranar hatsarin, da ta hagu ta karye, kujerar giya da Sallau ya buga ce ta riƙe injin bai faɗo kan titi ba.