Kan Namijin Dabino

A zamanin da, a wata ƙasa ta bakin sahara, an yi wani Sarki da ya kafa doka cewa duk baƙon da ya mutu a ƙasarsa, gidansa da gonarsa sun zama na fada. Magajinsa ba shi da komai sai kaya guda da zai iya ɗauka a ka. Waziri Jatau ne ya kitsa wannan shawara, mutumin da ko kaza ya gani a gidan makoki sai ya tambayi mai ita.

Ana nan sai Madugu Tankari ya rasu. Baƙo ne, amma shi ya kawo wa garin dabino. A lambunsa kaɗai ake da namijin dabino, wanda kowace shekara ake ɗibar furensa a ɗaura wa matan dabinon gari, har na Sarki, kafin su yi 'ya'ya. 'Yarsa Yalwa ta taso daga ƙasarsu neman gado, ta iske an sa dogari a ƙofar lambun da aka binne ubanta. Ranta ya yi mummunan ɓaci.

Ta je fada ta faɗi ta yi gaisuwa. Waziri ya ce, "Yarinya, shiga ki zaɓi kayanki. Ga darduma, ga tasoshi."

Ta dubi Sarki ta ce, "Allah ya ba ka nasara, a ara mini gatari. Kan namijin dabinon nan nake so. Kaya guda ne, wuyana zai ɗauka."

Kowa a fada ya san dabinon da aka sare wa kai ba ya tohowa.

Waziri ya daka mata tsawa. "Ke! Ki bar gari duka ba dabino?"

Yalwa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi dokar? Ubana ya shuka kuka sha zaƙi, ba wanda ya tuna baƙo ne sai da ya kwanta dama. Ko lambun, ko gatari. Ba inda za ni."

Sarki ya ga ba mafita, sai ya ce, "A janye dogarin. Daga yau gadon baƙo na 'ya'yansa ne, ko daga ina suka zo."

Da fure ya fito, Yalwa ta raba wa kowa kyauta kamar yadda ubanta ya saba. Waziri kaɗai ta ce sai ya zo da ƙafarsa, ya tuɓe takalmi, ya yi wa baƙon nan addu'a a bakin kabarinsa. Ya kuwa zo.